Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Motar Soja Mai Injin Dizal a Tsananin Sanyi

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar motar soja a ƙasar da ake dusar ƙanƙara ya san wannan ƙarar: ka danna kik, injin ya juya da kyar kamar ana jan sa da igiya, farin hayaƙi ya fito daga salansa, amma motar ta ƙi kamawa. A daidai wannan lokaci ne hannu kan nufi gwangwanin feshin eta, wani sinadari mai saurin kama wuta da ake fesawa don tayar da inji, kuma a nan ne injuna masu yawa suka gamu da ajalinsu. Kayan taimakon tayar da inji suna da amfani ƙwarai, amma su ne na ƙarshe a layi. Batir, baƙin mai da man dizal ne ke gaba, kuma yawancin aikin da yamma ake yin sa, kafin motar ta kwana. Duk ma'aunin zafin da zan ambata na Selshiyos ne.

Abin da sanyi ke yi wa injin dizal

Injin dizal ba shi da filogin da ke ba da tartsatsi. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafi, sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Dizal kan kama da kansa a wajen digiri 210, amma da yake lokacin da yake da shi bai kai ƙiftawar ido ba, dole iskar ta zarce haka da nisa. Sanyi yana cin wannan zafi ta hanyoyi uku. Iskar da ke shiga da sanyinta take shiga. Ƙarfen silinda da kan inji suna tsotse zafin tun kafin a fesa mai. Na uku kuma, wanda ya fi sauran ɓarna, injin yana juyawa a hankali, sai zafin ya samu lokacin tserewa, matsin kuma ya sulale ta gefen ringi. Tsohon inji mai cinyayyen ringi ya fi jin wannan. Saboda haka duk wata dabara da za a yi, ko dai tana ƙara saurin juyawa, ko tana ƙara zafi, ko tana kawo wani abu da ya fi dizal saurin kamawa.

Mataki na farko: san abin da ke cikin motarka

Kada ka taɓa komai sai ka gano irin na'urar da aka sa wa injin. Waɗannan motoci sun ratsa hannaye da dama, daga rumbun soja zuwa gwanjo zuwa masu su na baya, kuma abin da littafi ya ce ba lallai ne ya zama shi ke ƙarƙashin bonet ba. Bi bututun iska da idonka, daga filtar iska har zuwa kan inji, ka duba duk wata waya ko siririn tiyo da ya shiga cikinsa.

M35A2 ta sojan Amurka, mai ɗaukar tan biyu da rabi, tana da injin LDT-465 mai silinda shida wanda ke cin mai iri-iri. Matsinsa ya kai kusan 22 bisa 1, shi ya sa idan yana da lafiya yakan tashi da kansa har cikin sanyi mai ɗan dama. Asalin abin taimakonsa hitar wuta ce a cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska: ɗan ƙaramin famfo yana tura mai ta wani nozul, filogi ya ba da tartsatsi, harshen wuta ya tashi a cikin bututun iska ya ɗumama ta. An cire wa wasu wannan aka sa musu tulun eta a madadinsa. Akwai kuma waɗanda aka sa wa eta ba tare da an kashe tsohuwar hitar yadda ya kamata ba, kuma wannan ita ce motar da ya kamata ka fi jin tsoro.

Motocin tan biyar na sojan Amurka na jerin M809 suna da injin Cummins NHC-250, kuma tsarinsu filogi ne mai ɗaukar zafi a cikin manifol haɗe da famfon hannu a gaban direba. Ƙannensu na jerin M939 eta aka ba su, haka ma babbar motar nan HEMTT mai injin Detroit 8V92. Ƙananan motocinsu Humvee da CUCV kuwa, masu injin V8 na lita 6.2 ko 6.5, hita filogi ne da su, ɗaya a kowace silinda, domin injinsu yana fesa mai ne a wani ɗan ƙaramin ɗaki kafin wutar ta bazu zuwa silinda. Irin wannan inji ba ya tashi da sanyi sai da hita filogi, ko da matsinsa lafiya lau yake.

A ɓangaren Rasha, injin KamAZ-740, wanda ke cikin KamAZ da Ural-4320 na farko-farko, yana da filogan wuta a manifol, sannan da tukunyar ɗumama ruwa mai suna PZhD-30. KrAZ-255 mai injin YaMZ-238 tana da babbar 'yar'uwarta, PZhD-44. MAN KAT1 ta sojan Jamus injin Deutz ne da ita mai sanyaya kansa da iska, babu ruwa a cikinsa sam, don haka duk maganar ɗumama ruwan lagireto ba ta shafe ta ba. Injunan Perkins da ire-irensu na Ingila an san su da Thermostart, wani filogi guda da ke zafi, ya buɗe wa mai hanya, ya kunna shi a cikin manifol.

Idan ka gano naka, riƙe wannan doka ɗaya da kyau: eta ba ya haɗuwa da duk wani abu mai ja ko mai harshen wuta. Zan dawo kanta.

Mataki na biyu: batir, inda mafi yawan matsalar take

A ganina, cikin motocin da ake cewa sanyi ya hana su tashi, mafi yawa batir da wayoyi ne suka hana su. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin batir na tayar da inji cikin sanyi ana auna shi ne a digiri 18 ƙasa da sifili na tsawon daƙiƙa 30, kuma a wannan sanyin batir yakan rasa kusan rabin ƙarfin da yake da shi a lokacin ɗumi. A daidai lokacin ne kuma injin ya fi nauyin juyawa. Ga raguwar ƙarfi, ga ƙaruwar kaya.

Yawancin waɗannan motoci volt 24 ne, wato batir biyu masu volt 12 da aka jera a layi. Auna kowanne shi kaɗai bayan ya huta na wasu sa'o'i. Cikakke zai nuna wajen 12.6. Idan ɗaya ya nuna 12.6 ɗayan kuma 12.1, to ƙaramin ne ke mulki, domin wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. Idan za ka canja, canja biyun tare, iri ɗaya, masu shekaru ɗaya. Duba kuma ko wani ya taɓa jan waya daga batir guda don ya samu volt 12 na rediyo ko fitila. Wannan ɗabi'a tana kashe batir ɗaya da yunwa, ɗayan kuma da ƙoshi. A cire wayar, a sa na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12.

Daga nan sai wayoyi. Kwance kan batir, ka kankare shi har ya yi ƙyalli, ka ɗaure tamau. Kada ka manta da gajeriyar wayar da ke tsakanin batir biyun, da wayar da ta tafi jikin shasi, da wadda ta haɗa shasi da inji. Tsohuwar waya tana iya ruɓewa a cikin robarta ba ka gani ba. Hanyar kama ta ita ce ka sa mita a bakinta biyu, wani ya buga kik. Idan ta cinye fiye da rabin volt, ko ka taɓa ka ji ta yi ɗumi, ta gama aiki.

Cikakken batir ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, amma wanda ya sauka ƙasa zai iya zama ƙanƙara tun a wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Idan ka ga gefen batir ya kumbura, ko ka leƙa ka ga ƙanƙara a ciki, kada ka yi masa caji, kada kuma ka jona shi da wata mota, domin yana iya fashewa ya watsa maka asid. Ɗauke shi ka kai ɗaki ya narke tukuna. Wanda ba shi da wutar lantarki kusa da inda motar ke kwana, dabara mafi sauƙi ita ce ya kwance batiran da yamma ya shiga da su ciki. Suna da nauyi, babu daɗi, amma batir mai ɗumi ya fi duk wata na'ura da za ka saya. Mai wuta kuma ya sa musu bargon lantarki da ƙaramar caja mai kula da su dare da rana.

Mataki na uku: baƙin mai

Lambar da ke gaban harafin W a jikin galan ɗin mai ita ce ke gaya maka halin mai a sanyi. Ana gwada 15W a digiri 20 ƙasa da sifili, 10W a 25, 5W a 30, 0W kuma a 35. Saboda haka 15W-40 da aka saba zubawa yana kaiwa iyakarsa da wuri, kuma tun kafin iyakar ya fara zama kamar zuma. Idan hunturun wurinku yana wuce digiri 15 ƙasa da sifili, koma 5W-40 na injin dizal kafin sanyi ya shigo. Sojan Amurka suna da nasu man na yankin ƙanƙara da suke kira OEA saboda wannan dalili. Sabon mai ya fi tsoho saurin gudu, domin baƙin toka da ya tara yana ƙara masa kauri.

Ruwan lagireto ma a gwada shi. Rabi ruwa rabi sinadarin hana daskarewa yana kare inji har zuwa wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Kashi 60 cikin ɗari yana kaiwa wajen 50. Zuba sinadarin zalla kuskure ne, domin shi kaɗai yana daskarewa a wajen digiri 13 ƙasa da sifili.

Mataki na huɗu: man dizal

A cikin dizal akwai kakin farafin da ke narke. Idan sanyi ya yi, sai kakin ya fara fitowa, man ya yi dishi-dishi, sannan ya toshe filta. Dizal ɗin bazara yana iya fara wannan tun a kusa da sifili. A Turai, ma'aunin EN 590 ya kasa mai aji-aji: na hunturu da aka fi sani yana ratsa filta har digiri 20 ƙasa da sifili, na yankin Aktik kuma har 44. A Amurka ana cakuɗa mai lamba 1 da mai lamba 2. Sojan NATO sun daɗe suna zuba wa motocinsu JP-8, man jirgin sama wanda ba ya daskarewa sai a digiri 47 ƙasa da sifili.

Matsalar tsohuwar motar soja ita ce ba kullum ake hawanta ba. Man da aka cika a watan Agusta shi ne ke cikin tanki a Janairu. Ƙone shi ko ka zuƙe shi kafin sanyi, ka cika da na hunturu, sannan ka bar injin ya yi aiki har sabon man ya ratsa filtoci da famfo. Maganin hana kaki da ake zubawa a tanki yana aiki ne kawai idan an zuba shi man yana da ɗumi. Bayan ya riga ya daskare, ba ya narkar da shi.

Kananzir yana sirantar da dizal kuma yana taimakawa, sai dai ba shi da santsi. Famfon Stanadyne DB2 da ke kan injin 6.2 da man da ke ratsa shi yake samun maiƙo, don haka idan ka yawaita kananzir, ƙara maganin santsi. Fetur kuwa kada ya shiga tankin injin dizal na yau da kullum. Ko injin M35A2 da aka ƙera don ya iya cin fetur a halin larura, ya fi wuyar tashi da shi a sanyi, domin fetur an yi shi ne don ya ƙi kamawa da matsi. Masu zuba wa wannan inji tsohon baƙin mai a matsayin makamashi su dakata har bazara.

Kafin kaki ma, ruwa ne ke fara tsayar da mota, domin shi a sifili yake daskarewa. Yana kwanciya a gindin tanki da gindin filta. M35A2 filtar mai uku ne da ita, ɗaya a jikin shasi, biyu a jikin inji, kowace da ɗan famfon tsiyaya a ƙasa. Tsiyaye su da yamma inji yana da ɗumi, a cikin kwalba mai haske don ka ga abin da ya fito. Sa sabbin filtoci a farkon hunturu, ka ajiye wasu a cikin mota.

Mataki na biyar: zafi daga waje

Wannan shi ne taimakon da ba ya cutar da inji ko kaɗan, kuma da za a tambaye ni abu ɗaya da mutum zai kashe wa kuɗi, shi zan ce. Hitar lantarki da ake sakawa a jikin bulok, a gurbin ɗaya daga cikin marufan ramukan ruwa, tana cin wat 600 zuwa 1500 gwargwadon girman inji. Sa'a biyu zuwa huɗu sun isa a yawancin lokuta. Babban inji irin Cummins mai lita 14 ya fi son na sama. Idan babu gurbin da ya dace, akwai mai kama da ƙaramar tukunya da ake jonawa da tiyo, ruwa ya riƙa zagayawa ta cikinta. Ko wace iri ce, tabbatar ruwa ya cika kuma babu iska a ciki kafin ka jona, in ba haka ba za ta ƙone cikin mintuna. Duba ƙarfin wutarta ma, domin na Amurka volt 120 ne, na Turai 230. Wayar jonawa ta zama mai kauri, ta waje.

Hitar bulok ruwa take ɗumamawa, baƙin mai yana can ƙasa cikin kaskonsa da sanyinsa. Shi ya sa ake manna wani faifan lantarki mai wat 150 zuwa 250 a gindin kaskon. Kankare wurin ya fita tas kafin ka manna.

Inda babu lantarki, sai hita mai cin dizal, irin na Webasto ko Eberspächer. Tana ƙona mai kaɗan, ta ɗumama ruwa, ta zagaya da shi cikin inji. PZhD-30 ta Rasha haka take, da ƙarfin kilowat 30, kuma hayaƙinta mai zafi ana karkata shi ne zuwa kaskon baƙin mai, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Kayan yankin ƙanƙara da aka yi wa motocin Amurka ma sun ƙunshi hitar ruwa mai cin mai da ɗumamar akwatin batir. Idan ka gaji ɗaya daga cikin waɗannan, gwada ta tun da kaka a fili, ka tsaya a kanta da abin kashe gobara. Tiyo mai shekara arba'in ba abin amincewa ba ne. Ka tuna kuma cewa fankarta da famfonta daga batir suke sha. Injin Deutz mai sanyaya kansa da iska, shi kuwa, a rufe shi da tamfol mai jure zafi a hura masa iska mai ɗumi daga nesa, a kuma ɗumama kaskon mai.

Wuta a buɗe ƙarƙashin inji kada a fara. Sojan Jamus sun yi haka a Rasha a hunturun 1941 saboda ba su da zaɓi. Tsohuwar mota ba ta rasa ɗigon mai a ƙasanta, ga tiyo, ga wayoyi, ga robobi.

Mataki na shida: safiyar tafiya

Zagaya motar tukuna. Share dusar ƙanƙara daga bakin filtar iska da bakin salansa. Cire wayar hita. Kashe fitilu da fanka da duk abin da ke cin wuta. Idan a cikin gareji take, buɗe ƙofa gaba ɗaya, domin hayaƙin inji da na hita suna kisa shiru. Sa giya a firi, sannan ka taka kuloci har ƙasa, don kada kik ya sha wahalar juya giyoyi cikin daskararren mai.

A M35A2, kunna makunnin wuta ka saurara, za ka ji famfon cikin tanki yana gunji. Ba shi ɗan lokaci ya tura mai. Bar sandar kashe inji a jawo, ka ɗan buga kik don ka tabbatar injin yana juyawa sumul, babu ruwa ko mai da ya taru a silinda. Idan ya tsaya cak, dakata, kada ka sake. Idan lafiya, tura sandar ciki, ka buga kik, sannan, yayin da injin ke juyawa, ka danna makunnin hitar manifol. Jerin yana da muhimmanci. Wutar tana buƙatar iskar da injin ke ja, kuma idan ka danna injin yana tsaye, mai ne kawai zai taru a bututu. Ana buƙatar ta ne daga wajen digiri 7 ƙasa da sifili. Bayan injin ya kama, kana iya ɗan danna ta lokaci-lokaci har ya daidaita. Wannan hita ta yi ƙaurin suna wajen yoyo, don haka duba nozul ɗinta da tiyoyinta akai-akai, musamman da yake kusa da tobo suke.

A Cummins mai famfon hannu, kunna filogin ka ƙirga daƙiƙa 20 ba tare da ka taɓa famfon ba. Idan ka yi gaggawar tura mai, za ka jiƙa filogin ya ƙi yin ja. Bayan nan buga kik, injin na fara juyawa ka fara famfo, ka riƙe allurar tsakanin 80 da 100 na ma'aunin psi. Idan ya kama, ci gaba da famfo a hankali har ya daina tangaɗi, sannan ka kulle famfon ka kashe filogin. Famfon da aka bari a buɗe yana iya barin mai ya riƙa zurara cikin manifol.

A KamAZ, danna maɓallin filogan wuta ka riƙe har fitilarsa ta kama, wanda kan ɗauki wajen minti guda ko fiye, sannan ka buga kik kana riƙe da shi. Idan sanyi ya wuce wajen digiri 20 ƙasa da sifili, fara da tukunyar PZhD.

A Humvee da CUCV, jira fitilar jira ta mutu kafin ka buga. Idan motar tana wahalar tashi, gwada hita filogi ɗaya bayan ɗaya da mita: mai lafiya yana nuna ƙaramar lamba, wajen om ɗaya ko biyu, matacce kuma ba ya nuna komai. CUCV tana da wata matsala tata. Filoganta na volt 12 ne, kuma wani abin rage wuta a bangon inji ne ke sauko musu da 24. Idan filogi ɗaya ya mutu, sauran sai su samu wuta fiye da ƙima, su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kada ka bar matacce ko guda. Filogin da ya ƙone yakan kumbura a baki ya ƙi fita, kuma idan ka fizge shi bakin ya karye ya faɗa ciki, aikin ya zama babba. Masu waɗannan motoci da yawa sun koma hita filogi AC Delco 60G saboda yana taƙaita zafin kansa.

Ko wace mota ce, kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda, kuma ka ba shi hutu tsakani. Cummins sun ba da iyakar daƙiƙa 30 da hutun minti biyu, amma tsohon kik ya cancanci sassauci. Hutun yana amfanar batir ma. Idan batir ya gaza, motocin NATO suna da soket na jona wuta daga wata mota. Tabbatar ita ma volt 24 ce, a kashe makunnan motocin biyu kafin a jona, sannan a tayar da mai bayarwa a bar ta ta yi mintuna tana ciyar da batiranka kafin ka gwada.

Maganar eta

Eta yana tafasa a wajen digiri 35, yana kuma kamawa da kansa a wajen 160, ƙasa da dizal sosai. Amfaninsa ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Dizal sai an fesa shi a lokacin da ya dace yake kamawa, shi kuwa eta yana shiga tare da iska, ya fashe lokacin da ya ga dama, sau da yawa fistan bai gama hawa ba. Idan ya yi yawa, bugun yana karya ringi, ya fasa bakin fistan, ya lanƙwasa kwanrod, ko ya busa gaskit. Wani lokaci za ka ji injin ya ƙulle yana turjewa kik. Makanikai kan ce inji ya kamu da jarabar eta, ba ya tashi sai da shi. Abin da ya faru shi ne eta ya riga ya lalata ringi, matsi ya ragu, sai injin ya kasa tashi da kansa.

Idan ya tarar da filogi mai ja ko harshen wuta a manifol, a can zai fashe, ya tarwatsa bututu da gidan filtar iska, wani lokaci a fuskar mai feshin. A injin 6.2 da 6.5 yana iya tsaga ɗan ƙaramin ɗakin ƙonewa. Kada a fesa musu.

Tsarin da aka ƙera tare da mota, irin na M939, daban yake, domin yana sakin awo ƙayyadadde, kuma akwai abin da ke hana shi aiki idan inji ya yi ɗumi. Yi amfani da shi yadda aka tsara, injin yana juyawa. Idan larura ta sa dole ka fesa da hannu a injin da ke fesa mai kai-tsaye cikin silinda, to cire wayar duk wata hita tukuna ka bar ta ta huce. Ku zama biyu. Ɗaya ya fara buga kik, ɗayan ya fesa na daƙiƙa ɗaya ko biyu a bakin filtar iska, daga ɗan nesa, filtar tana ciki. Kada a fesa injin yana tsaye. Idan bai kama a karo biyu ba, a ajiye gwangwanin, matsalar a wani wuri take.

Idan ta ƙi, karanta hayaƙi

Babu hayaƙi ko kaɗan: mai ba ya isa silinda. Duba sandar kashe inji ko solinoyid, sannan filta. Idan ka buɗe ka ga kaki ko ƙanƙara, sa sabuwa, ka ɗumama tiyoyi da iska mai zafi, ka fitar da iskar da ta shiga layin mai. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal: mai yana zuwa, zafi ne bai isa ba. Ko juyawar ta yi sanyi, ko hita ba ta aiki, ko matsi ya yi ƙasa. Ci gaba da buga kik a wannan hali yana wanke maiƙon bangon silinda ne kawai. Baƙin hayaƙi da tari: nemi abin da ya toshe iska. Idan komai ya duba lafiya amma kullum sai da wahala, lokaci ya yi da za a auna matsin silinda, a gwada nozul, a duba saitin famfo.

Bayan ta kama

Idonka ya tafi kan allurar baƙin mai nan take. Idan ba ta motsa ba cikin daƙiƙa 15, kashe injin. M35A2 an san ta da jinkirin nan saboda filtocin manta suna tsiyayewa idan ta kwana, shi ya sa ba a taka mata totur da farko. Idan allura ta hau, ɗaga silo kaɗan da totur na hannu zuwa wajen juyi 800 ko 1000, ka saki kuloci a hankali giya tana firi don man giya ya fara motsi. Jira iskar birki ta cika, ƙararrawar gargaɗi ta yi shiru, ka gwada birki kafin ka motsa.

Injin dizal ba ya yin zafi sosai a silo, kuma barin sa sa'o'i a haka yana sa ɗanyen mai ya taru a salansa ya kuma gangara cikin baƙin mai. Bayan minti biyar zuwa goma, fara tafiya a hankali da ƙaramar giya, domin man aksil da na sitiyari su ma sun yi kauri. Rufe wani ɓangare na gaban lagireto da mayafinsa, kana lura da allurar zafi. Batir mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri, don haka gajeriyar tafiya ba za ta mayar da abin da kik ya ci ba, sai an taimaka da caja.

Idan ka dawo, bar injin mai tobo ya yi 'yan mintuna a silo kafin ka kashe. Cika tanki don raɓa ta rasa wurin taruwa. Buɗe famfunan tulunan iska ruwa ya fita tun bai daskare a bawul ɗin birki ba. Juya gaban motar ya ba iska baya, ka sa katako a tayoyi maimakon jan birkin hannu, domin yana iya daskarewa a ɗaure, sannan ka jona hita da caja kafin ka shiga ciki.